Tambaya da Amsa: Na fara aikin nas amma tsoro ya hana ni sakat

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Na gama makarantar koyon aikin jinya, na ci jarabawar kansil, wato hukumar kula da ma'aikatan jinya, na karɓi lasisi, Allah ya taimake ni na samu aiki a wani asibitin gwamnati aka tura ni ɗakin mata. To Anti wallahi duk ranar da nake da dutin dare tun la'asar gabana ke faɗuwa. Kanula, ƴar robar nan da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa ko allura, in na zo sawa sai jijiya ta ɓace min, rannan wata mai jinya ta ce a gaban kowa a kira mata babbar nas ita bata yarda da ƴan koyo ba. Sistar da ke kan wod ɗin kuma in na tambaye ta abu sai tace me aka koya miki a makaranta. Yanzu har tsoron tambaya nake, sai inyi shiru inyi abinda nake ganin daidai ne. Anya aikin nan nawa ne kuwa?
Ƙanwarki daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri a wannan aiki. Aikin naki ne, kuma faɗuwar gaban nan bata dame ni ba, kusan duk wanda ya fara riƙe wod da kansa sai da ya ji ta. Abinda ya tayar min da hankali a wasiƙarki shine inda kikace kina yin shiru kiyi abinda kike ganin daidai ne. Dan Allah daga yau ki daina, musamman akan magani.

Kinga akwai magungunan da basa yafe kuskure. Potassium chloride, maganin da ake ba wanda sinadarin potassium ya yi ƙasa a jininsa, ba a taɓa tura shi kai tsaye a jijiya, sai an gauraya shi a ledar ruwa ya shiga a hankali, in aka tura shi haka nan zuciya na iya tsayawa nan take, kuma ƴar kwalbarsa tana kama da ta ruwan haɗa allura, a cikin dare da hasken tocilan waya ai sai mutum ya karanta sunan da kyau. Insulin, allurar ciwon suga, ma haka, in likita ya rubuta adadi da hannun nan nasu da ba a gane wa, kika kasa tantance 4 ne ko 40, ki kira shi ko ƙarfe biyun dare ne. Zai iya yin tsaki, barshi yayi, tsakinsa ba zai kai kowa kabari ba. Sannan kar ki dogara da suna kawai, a ɗaki ɗaya zaki iya samun A'isha uku Fatima biyu, gado kuma ana canza wa mutane, to ki duba lambar fayil ki tambayi mara lafiyar cikakken sunanta kafin ki bata komai.

Ita kuma Sista, ban goyi bayan yadda take amsa miki ba sam, babba a wod aikinta ne ta koyar. Amma ki canza salon tambayar. Maimakon kice Sista ya ake wannan, kice Sista likita ya rubuta kaza, ni na lissafa ya bani kaza, dan Allah duba min kafin in bayar. Zata ga kinyi naki ƙoƙarin, kuma ko ta yi faɗa dai zata duba. In bata sauko ba to a kowane asibiti akwai wata babbar nas mai sauƙin kai, ki gano ta ki manne mata, mutanen famasi ma suna amsa tambayar magani da daɗin rai in aka je musu.

Ƙarin ruwa ki riƙe lissafinsa a ka tunda yawancin wod ɗinmu babu injin da ke auna shi. Yawan ruwan sau ɗigon da ke cikin mil ɗaya, ki raba da mintuna. Robar ƙarin ruwa da aka saba da ita ɗigo 20 ne mil ɗaya (ki duba jikin ledarta don akwai masu bambanci), kenan leda mai mil 500 da aka ce ta shiga cikin awa 8 zata tafi wajen ɗigo 21 a minti. Ki tsaya da agogo ki ƙirga, kuma ki dawo ki sake dubawa, don masu jinya wani lokacin buɗe shi suke wai ya ƙare da wuri, ga tsohuwa mai ciwon zuciya kuwa wannan na iya cika mata huhu da ruwa.

Wani abu da nake so ki fi kowa a kai shine ƙirga numfashi. Da yawa rubuta 20 kawai suke basu ƙirga ba. Babba mai lafiya yana numfashi 12 zuwa 20 a minti, bugun jini 60 zuwa 100, kuma sau da yawa numfashi ne ke fara hawa kafin mara lafiya ya rikice. Ki ƙirga minti ɗaya cur, in kinga yana hawa ki sanar da likita, ki rubuta a fayil da lokacin da kika kira shi da abinda yace, saboda ranar da aka zo bincike takarda ce zata yi magana a madadinki.

Kanula kam hannu ne ke sabawa. Ki ɗaure hannun, ki bari ya sauka ƙasa, ki lalubi jijiyar da yatsa kar ki dogara da ido, wadda ta sha amai da gudawa jijiyarta dama lafewa take ko ga gwanaye. Kin gwada sau biyu bai shiga ba ki kira wata, ba abin kunya bane. Mai jinyar nan da ta gwale ki kuma, ki tuna ƙila ta kwana uku akan tabarma a bakin gado ta kashe abinda take da shi, ki gaishe ta kice Mama sannu da jinya, ki gaya mata abinda zaki yi kafin ki taɓa ƴarta. Su ne idonki da dare, su zasu zo su ce miki numfashinta ya canza.

Kanki ma ki kula da shi. In baki yi rigakafin ciwon hanta na Hepatitis B ba kije kiyi, allura uku ce. Kar ki mayar wa allura murfinta bayan kin yi amfani da ita, in kuma ta soke ki ki wanke da sabulu da ruwa ki kai rahoto a take, maganin kariya daga HIV ana fara shi ne cikin awa 72, gara ma a awannin farko, a sha na kwana 28. Da rani lokacin zazzaɓin Lassa kar ki taɓa jini ko amai babu safar hannu, ma'aikatan lafiya sun rasa rayukansu ta wannan hanyar a ƙasar nan.

TAMBAYA: Anti ni namiji ne sabon nas, ƴan unguwa sun mayar da ni likita, kullum sai an ƙwanƙwasa a ce in zo in yi allura ko in rubuta magani. Ina jin nauyin ƙi.
Daga Gusau

AMSA: Ƙanena ka ƙi, cikin ladabi. Allurar da aka siyo a kemis babu takardar likita, in mutum jikinsa bai karɓe ta ba ya shiɗe a tsakar gida baka da adrenaline, allurar ceton gaggawa, baka da iskar oksijin, kuma mutanen da suka roƙe ka su zasu fara cewa kai ka yi. Lasisinka na hannun Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, tana da ikon ƙwace shi. Ka auna musu hawan jini, ka duba takardar asibitinsu ka fassara musu, wanda kaga jikinsa yayi tsanani ka raka shi asibiti da kanka in kana da hali.