Ambaliya ta ci gonata, yaya zan yi tunanin alheri?

Tambaya: Likita, ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Auyo. Ruwa ya ci min shinkafa, ga bashin taki a kaina. Kowa sai ya ce in riƙa tunanin alheri. Anya wannan ba yaudarar kai ba ce?

Amsa: Allah ya mayar maka da alheri, Malam. Duk wanda ya ce ka manta da asarar nan bai yi maka adalci ba. Bashi yana nan, kuma dole ranka ya ɓaci.

Sai dai ƙwaƙwalwa tana da wata ɗabi'a: ta fi riƙe asara da abin tsoro a kan abin daɗi, domin ta kare mai ita. Shi ya sa za ka kwana kana lissafin buhunan da suka tafi, ba ka ko lura da autarka da ta taho a guje ta karɓi fartanyarka a ƙofar gida ba. Ƙoƙon kunu mai zafi da aka miƙo maka da safe, hirar gindin darbejiya bayan la'asar, duk sun wuce ka. Abin da ake so shi ne ka mayar da hankali kansu da gangan, ba tare da ka musanta bashin ba.

A shekarar 2003 masana biyu a Amurka, Robert Emmons da Michael McCullough, sun sa wasu mutane suna rubuta abubuwan da suke godiya a kansu, wasu kuma abubuwan da suka dame su. Masu godiyar sun fi samun walwala da kyakkyawan fata. Mu kuwa mun daɗe da sanin hadisin da Tirmizi ya ruwaito, cewa wanda ya wayi gari cikin aminci, da lafiya, da abincin yininsa, kamar an tattaro masa duniya ne. Bayan isha'i ka ambaci abu uku da suka faranta maka a ranar, ɗaya bayan ɗaya, misali: akuya ta haifi biyu, maƙwabci ya ara maka injin ban ruwa. Kuma kada ka ƙaurace wa majalisa, kaɗaici yana ƙara wa damuwa nauyi.

Ga inda nake so ka kula sosai. In ka kai mako biyu ba barci, ba cin abinci, ba ka sha'awar komai, ko kana jin gara ka mutu, wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Ka gaya wa wani na jikinka ya raka ka asibiti mafi kusa. Idan da buƙata za su tura ka sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.