An Sabunta Windows, Linux Ta Yi Ɓatan Dabo: Tambayoyinku da Amsoshinsu

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, jama'a suke ta ƙaura zuwa Windows 11. Masu manyan manhajoji biyu a kwamfuta ɗaya kuwa, wato Windows da Linux, su suka fi jin jiki. Tambayoyin wannan karon duk a kansu ne.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Kwamfutata tana ɗauke da Windows 10 da Ubuntu, wani nau'in Linux, kuma da can idan na kunna takan ba ni zaɓin wadda zan shiga. Tunda na koma Windows 11, kai tsaye take wucewa Windows. Na leƙa Disk Management na ga fatishan ɗin Ubuntu, wato yankinta na faifai, ba suna, ba harafi, an kuma nuna wai babu komai a ciki. Duk aikin bincikena na makaranta yana can. Mai gyara ya ce sai dai a yi fomatin a sake ɗorawa. In yarda?

Amsa: Ɗan'uwa, karɓo kwamfutarka tukuna. Kada garin gyaran gira a rasa ido. Bisa abin da ka bayyana, aikinka yana nan lafiya lau, fomatin ɗin ne kawai zai iya hallaka shi.

Abin da ya tsorata ka a Disk Management ba komai ba ne. Ubuntu tana tsara fatishan ɗinta da tsarin ext4, ita kuwa Windows ba ta karanta shi. NTFS da FAT32 da exFAT ta sani. Idan ta ga fatishan da ba ta gane ba, sai ta bar gurbin suna fayau, ta rubuta kashi 100 fili ne, ko da a cike yake maƙil. Wani lokacin ma takan fito da ɗan akwati ta ce sai an yi fomatin kafin a yi amfani da shi. Duk ranar da ka ga wannan akwatin, rufe shi.

Ga abin da ya faru. A kwamfutocin zamani masu UEFI, wato manhajar da ke fara tashi kafin Windows ko Linux, akwai wani ɗan ƙaramin fatishan mai tsarin FAT32 da ake kira EFI, wanda Windows kan yanka masa megabait 100 ko ɗan abin da ya fi haka. Kamar zauren gidan haya yake: kowa da ɗakinsa a ciki, amma ta nan kowa ke shiga. Windows tana da foldarta a ciki mai suna Microsoft, Ubuntu ma tana da tata, inda GRUB take, wato manhajar da ke nuna maka jerin zaɓin nan. Ita kuma kwamfutar tana riƙe da wani jeri a kan allon uwarta (motherboard), na wanda za a fara kira idan an kunna. Babbar sabuntawa takan mayar da Windows Boot Manager saman wannan jerin. Shi ke nan. Ba a taɓa GRUB ba, an dai daina kiranta.

Gwada wannan da farko: kashe kwamfutar, ka kunna, ka riƙa danna maɓallin zaɓin tashi tun kafin tambarin kamfani ya ɓace. A yawancin Dell da Lenovo F12 ne, a HP F9, a Asus kuma Esc ko F8. Idan ka ga ubuntu a jerin, zaɓe ta. In ta buɗe, magana ta ƙare, saura gyaran jeri. Buɗe Terminal ka rubuta:

sudo efibootmgr

Za ka ga layuka masu lamba, misali Boot0000 na Windows, Boot0003 na ubuntu. Sai ka sa ta Ubuntu a gaba:

sudo efibootmgr -o 0003,0000

Da lambobin da taka kwamfutar ta nuna za ka yi amfani, ba nawa ba. Akwai kwamfutoci masu taurin kai da ke watsi da wannan umarnin da zarar an sake kunnawa. Irin waɗannan, cikin saitin UEFI za ka shiga ka ja ubuntu sama da hannunka, ka adana.

Idan kuwa babu ubuntu a jerin kwata-kwata, samo filashi mai ɗauke da Ubuntu, ka tashi kwamfutar da shi, ka zaɓi gwadawa ba ɗorawa ba. Kafin ka taɓa komai, buɗe fatishan ɗinka ka kwashe aikin binciken nan zuwa wani faifai na waje. Bayan nan sai ka sauke manhajar Boot-Repair ta mayar da sunan Ubuntu cikin jerin. Ni dai ban yarda a fara gyara ba sai fayiloli sun kwana a wuri biyu.

Tambaya: Malam, tawa tsohuwar kwamfuta ce. Windows ta yi sabuntawa cikin dare, da safe na tarar da baƙin sikirin an rubuta "error: unknown filesystem", a ƙasa kuma "grub rescue>". Ba Windows, ba Linux Mint.

Amsa: Wannan ya fi na sama ban tsoro a ido, amma sau da yawa umarni huɗu ke warware shi. Ya fi samun kwamfutoci masu tsohon BIOS, wanda UEFI ta gada, da faifai mai tsarin MBR, wato tsohuwar hanyar raba faifai. A irin wannan tsarin, ɗan guntun GRUB da ke farkon faifai ya haddace lambar fatishan ɗin da sauran jikinsa yake. Ita kuma Windows, idan ta zo babbar sabuntawa ta ga fatishan ɗinta na farfaɗowa ya yi mata kaɗan, takan gutsuri ƙarshen C: ta yanka sabo. Da an ƙara ɗaya a tsakiya, lambobi na iya gocewa. GRUB ta je inda ta saba, ta tarar da abin da ba ta sani ba, ta tsaya cak.

A gaban wannan rubutun na grub rescue, rubuta ls ka danna Enter. Za a jero maka abubuwa kamar (hd0,msdos1) da (hd0,msdos5) da (hd0,msdos6). Bi su ɗaya bayan ɗaya, kamar haka:

ls (hd0,msdos6)/

Kada ka manta da ƙaramar sandar ƙarshe. Na Windows za su ƙi buɗuwa. Wanda ya nuna maka boot da etc da home da usr, shi ne naka. A ce na shida ne:

set root=(hd0,msdos6)
set prefix=(hd0,msdos6)/boot/grub
insmod normal
normal

Jerin zaɓinka zai dawo. Amma fa na wannan tashin ne kaɗai; in ka kashe ba ka ɗaure gyaran ba, baƙin sikirin zai sake tarbarka. Don haka da ka shiga Mint, duba sunan faifanka da umarnin lsblk. In sda ne, sai ka rubuta:

sudo grub-install /dev/sda
sudo update-grub

Lura da kyau: sda, ba sda6 ba. Faifan gaba ɗaya ake nufi.

To, idan ka bi dukkansu babu wanda ya nuna foldojin Linux fa? Nan ne ake buƙatar sanyin jiki. A watan Agustan 2016, lokacin sabuntawar Windows 10 da aka kira Anniversary Update, mutane sun yi ta kukan cewa fatishan ɗinsu na Linux ya ɓace, wurin ya koma fili. Abin da kan ɓace a irin wannan hali shi ne layin da ke cikin teburin fatishan, wanda ke faɗin inda yankin ya fara da inda ya ƙare. Fayilolin kansu suna kwance a inda suke. TestDisk, manhajar kyauta da Christophe Grenier ya rubuta, tana bin faifai ta gano tsohuwar iyakar. Ka kunna ta daga filashi, idan ta jero abin da ta samo ka danna P a kan fatishan ɗin ka ga fayilolinka da idonka, ka kwafe masu muhimmanci, sannan ka bari ta rubuta teburin. Abin da ke kashe wannan damar shi ne mutum ya ga fili ya yanka sabon fatishan a kai, ko ya ɗora sabuwar Linux a wurin don a huta. Duk abin da aka rubuta a kan tsohon, ya tafi.

Tambaya: Malam, ni akasin haka ne ya same ni. Linux na sabunta, sai Windows ta ɓace daga jerin GRUB. Ni ɗaliba ce, kuma manhajar da muke darasi da ita a Windows take.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, naki ne mafi sauƙi. GRUB tana da ɗan aike mai suna os-prober da ke zagaya faifai ya nemo sauran manyan manhajoji. Daga GRUB 2.06, wadda ta fito a 2021, masu ita suka kashe shi saboda dalilin tsaro, sai wanda ya kunna da kansa. Ki buɗe fayil ɗin /etc/default/grub da sudo, ki ƙara wannan layin a ƙarshe:

GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false

Ki adana, ki rubuta sudo update-grub. Idan kin ga an ambaci Windows Boot Manager a cikin abin da ya fito, an gama. In bai fito ba, ki tabbatar os-prober ɗin ma yana kan kwamfutar. In yana nan kuma shiru, to ki binciki ko manhajojin biyu a tsari ɗaya aka ɗora su. A Linux, ki duba ko foldar /sys/firmware/efi tana nan: in tana nan, da UEFI kika tashi. A Windows kuma msinfo32 zai nuna miki nata a layin BIOS Mode. GRUB da ta tashi da UEFI ba ta iya tayar da Windows ta tsohon BIOS, haka ma akasinsa. Kafin a daidaita su, maɓallin zaɓin tashi zai kai ki darasi.

Tambaya: Malam, tawa tana rubuta "Verifying shim SBAT data failed: Security Policy Violation" sai ta mutu. Wani aboki ya ce in kashe Secure Boot. Akwai haɗari?

Amsa: Shawarar abokinka tana kan hanya, amma ya tsallake mataki mafi muhimmanci.

Wannan saƙon ya yi suna ne a watan Agustan 2024. Microsoft ta fitar da sabuntawar tsaro don toshe wani rauni a tsofaffin GRUB, ta hanyar hana tsohon shim tashi. Shim shi ne ɗan fayil mai sa hannun Microsoft da ke ba Linux damar wucewa alhali Secure Boot, wato tsaron da ke hana manhajar da ba ta da sa hannu tashi, yana kunne. An tsara cewa sabuntawar za ta tsallake kwamfutoci masu manhaja biyu, sai ta kasa gane wasunsu. Microsoft ta amsa matsalar, ta kuma gyara a sabuntawar Mayun 2025. Har yanzu dai mai tsohon filashin Linux yana iya cin karo da saƙon.

Matakin da aka tsallake ya shafi BitLocker, wato makullin faifai na Windows. Sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da faifan Windows a kulle ba tare da mai ita ya lura ba, kuma daga Windows 11 24H2 abin ya ƙara yaɗuwa. Taɓa Secure Boot na iya sa Windows ta ƙi buɗewa sai ka kawo mabuɗin farfaɗowa mai lambobi 48. In ba ka da shi, babu mai gyaran da zai fasa maka, komai ƙwarewarsa. Saboda haka, tun Windows tana buɗuwa, shiga asusunka na Microsoft ka nemo mabuɗin, ka rubuta a takarda. Kada ka adana shi a cikin kwamfutar da zai buɗe.

Daga nan ka kashe Secure Boot, ka shiga Linux, ka yi mata cikakkiyar sabuntawa don ta sami sabon shim da sabuwar GRUB. Idan da buƙata, share dokar hana tsohon shim tashi da sabuntawar ta ɗora:

sudo mokutil --set-sbat-policy delete

Sake kunna kwamfutar ka shiga Linux sau ɗaya don umarnin ya kama, sannan ka mayar da Secure Boot. Masu barinsa a kashe har abada don gudun wahala, ban goyi bayansu ba. Aikin minti kaɗan ne.

Tambaya: Malam, duka biyun suna tashi, amma fatishan ɗin da nake tara fayiloli don amfanin Windows da Linux yanzu ba ya karɓar rubutu daga Linux. Agogo ma kullum a karkace.

Amsa: Fast Startup ne. Tun daga Windows 8, idan ka ce ta mutu ba ta mutuwa gaba ɗaya, takan adana halin da take ciki a faifai don ta tashi da sauri. Linux idan ta tarar da fatishan na NTFS a wannan hali sai ta ƙi rubutu a kai, kuma daidai ta yi, don rubutun na iya lalata fayiloli. Ko ka taɓa kashe shi, sake dubawa bayan babbar sabuntawa. Buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa ka rubuta powercfg /h off. Wannan zai tafi da Hibernate ma. In kana buƙatarsa, cire alamar Fast Startup kaɗai a cikin Power Options.

Agogo kuwa, Linux tana ɗaukar na cikin kwamfuta a matsayin UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, Windows tana ɗaukarsa lokacin ƙasarku, kowace ta tashi sai ta gyara yadda ta fahimta. A Linux rubuta sudo timedatectl set-local-rtc 1, sannan ka shiga Windows ka saita lokacin sau ɗaya.

Tambaya: Malam, ban koma Windows 11 ba tukuna. Faifaina MBR ne, kuma da Linux a kai. An ce MBR2GPT zai juya min shi zuwa GPT, sabon tsarin raba faifai, ba tare da asara ba.

Amsa: Ga mai Windows ita kaɗai, haka ne. Kai kuwa da wuya ma ya yarda ya fara, domin ba ya aiki a faifan da ke da fatishan na faɗaɗawa ko manyan fatishan fiye da uku, kuma nau'in na Linux baƙo ne a wurinsa. Ko da an lallaɓa ya juya, da zarar ka mayar da kwamfutar UEFI, GRUB ɗinka ta tsohon BIOS ba za ta tashi ba sai an ɗora mata ta EFI daga filashi. Fara tabbatar da cewa kwamfutar tana da TPM 2.0, wato guntun tsaron da Windows 11 ke buƙata, kuma furosesarta na cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su, kada ka sha wahalar banza. In ta cancanta, kwashe fayilolin ɓangarorin biyu zuwa faifan waje, ka ɗora Windows 11 sabuwa a kan GPT, sannan Linux ta biyo baya. In kwamfutar tana da gurbin faifai na biyu, ba wa Linux nata faifan da nata fatishan na EFI.