Jemagun kogon dutse: me suke ci, kuma kashinsu na yin taki?

Malam, ka ce akwai kogon dutse kusa da gonarka cike da jemagu masu manyan idanu da fuska kamar ta kare, kana so ka san irinsu da ko za ka iya kwashe kashinsu ka yi taki.

Yadda ka kwatanta su, sun yi kama da Rousettus aegyptiacus, jemagen 'ya'yan itace mai kwana a kogo. Faɗin fukafukansa ya kai kimanin santimita 60. Da magariba yake fita neman ɓaure, mangwaro da dabino, yana watsa irin itatuwa duk inda ya bi. Ba makaho ba ne, yana gani sarai. A cikin duhun kogo kuwa harshensa yake ƙyastawa, ya saurari amsa-kuwwa ya gane inda bango yake. Macen takan haifi ɗa guda bayan kusan wata 4, ta riƙa yawo da shi manne a ƙirji.

Takin yana da kyau, amma a yi hattara. Wannan jemagen ne ke ɗauke da ƙwayar cutar Marburg, wani zazzaɓi mai sa zubar jini da ke iya kisa, kuma ƙurar busasshen kashin na jawo ciwon huhu. Kada ka tura yara ciki, kada kuma ka kunna wa jemagun hayaƙi don ka kashe su, abin na iya ƙara muni. A Yuganda an kashe jemagun ramin haƙar ma'adinai na Kitaka a 2008, waɗanda suka maye gurbinsu suka fi su yawan ɗaukar ƙwayar cutar Marburg.

Tuntuɓi likitan dabbobi kafin ka taɓa kashin. Wanda jemage ya ciza ya wanke wurin da sabulu ya tafi asibiti ranar, saboda ciwon haukan kare.