Sankarar harshe da zubar jini: me toshe jijiya ke yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina na fama da sankarar harshe, an yi masa gashi (wato ƙona sankarar da hasken na'ura) bara. Sau biyu ke nan a makon nan yana tashi da jini a matashin kai. Likitansa ya ce za a toshe jijiyar da ke zubar da jinin. Tiyata ce? Kuma zai warke? Daga 'yar'uwarku a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Ba yanka za a yi masa ba. Allura za a yi a matse-matsi ko wuyan hannu a kashe wurin, sannan a zura siririyar roba mai kaurin tsinken tsintsiya cikin jijiyar jini, a bi da ita har wuya ana kallo a allo. Sai a tura wani ruwa mai fito da jijiyoyi a hoto. Da an ga reshen da ke shayar da ƙarin sankarar, a cusa masa 'yan ƙwayoyi kamar rairayi, ko murɗaɗɗiyar waya, ya toshe. Galibi awa 1 zuwa 2, sau da yawa ma mutum idonsa biyu. Ruwan nan kan wahalar da ƙoda, don haka a kan fara gwada ta.

Batun warkewa kuwa, ba zan ɓoye miki ba: jinin yake tsayarwa, sankarar na nan. Ƙarin kan sake samun wasu jijiyoyi, jinin ya dawo, a maimaita aikin.

Abin da ya fi damuna shi ne jinin nan da ake gani a matashin kai. Sankara da gashi duk suna cin bangon jijiya, kuma ɗan jini irin wannan kan zama gargaɗi kafin babbar jijiyar wuya ta fashe. Ki tambayi likitan wace jijiya ce. In ƙaramin reshe ne, da sauƙi. In wadda ke kai jini ƙwaƙwalwa ce, toshe ta na iya jawo shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa wani lokaci ake lulluɓe ta da ɗan bututu ta ciki. Kada ku ɗaga ranar. In yana shan aspirin, a faɗa musu.

In jini ya ɓalle a gida, a zaunar da shi ya sunkuya, ban da rigingine, kada ya shaƙe. Rauni a waje, a danne da tawul mai duhu, ban da barbaɗa gari. A kira lambar gaggawa ta Legas, 112 ko 767. Daga Agege, asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja ya fi muku kusa a kan na LUTH da ke Idi-Araba, balle in an shiga gosulo.