Tambaya da Amsa: Na'urar Wasa Za Ta Iya Aikin Babbar Kwamfuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne. Na ji an ce sojojin saman Amurka sun taɓa harhaɗa na'urorin wasa suka yi babbar kwamfuta da su. Da gaske ne? Kuma in na sayi tsohuwar PlayStation 3, zan iya koyon wannan aikin a kanta?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Da gaske ne. A 2010 cibiyar binciken rundunar da ke garin Rome a jihar New York ta haɗa PlayStation 3 guda 1,760, suka sa mata suna Condor. Tun a 2007 ma Gaurav Khanna na Jami'ar Massachusetts Dartmouth ya fara lissafin baƙaƙen ramukan sararin samaniya da irin waɗannan na'urori. Arha ce ta ja su, domin a farko kamfanin Sony na sayar da PlayStation 3 ƙasa da kuɗin ƙera ta.

Ƙwaƙwalwarta, wato Cell, Sony da Toshiba da IBM ne suka yi ta tare. Akwai uban gayya ɗaya da ƙananan ma'aikata takwas masu suna SPE, amma wanda ya ɗora Linux, wato manhajar da ke gudanar da kwamfuta, shida ne kawai a hannunsa. Ga inda gizo ke saƙar: kowane ma'aikaci rumbunsa kilobait 256 ne kacal, kuma ba ya taɓa babban rumbun na'urar kai tsaye. Kai ne za ka rubuta umarnin ɗauko masa bayanai ta hanyar DMA, wato tsarin kwashe bayanai daga rumbu zuwa rumbu, ka kuma rubuta na mayarwa. Shirin da na fara rubutawa na ninka manyan jadawalan lambobi ne, ya yi ta tafiyar hawainiya har na yi zaton na'urar ce ta lalace. Ashe ma'aikatan zaman jira suke yi. Sai da na raba rumbun gida biyu, ana lissafi a ɗaya ana cika ɗayan, sannan na ga gudunta. Kamar magini ne da mai miƙo bulo: in hannu ya tsaya, gini ya tsaya.

Tana da wani rauni kuma: a lissafi mai tsananin daidaito, na bit 64, gudunta yana faɗuwa ƙwarai. Shi ya sa babbar kwamfutar Roadrunner ta cibiyar binciken Los Alamos a Amurka, wadda ta fara kai lissafi tiriliyan dubu a daƙiƙa ɗaya a 2008, ta yi amfani da gyararren samfurin Cell.

Batun saye kuwa, ban ba ka shawara ba. A Afrilun 2010 Sony ta cire damar ɗora Linux da sabuntawar manhajar na'urar mai lamba 3.21, ga shi babban rumbunta megabait 256 ne. Ka nemi kwamfuta mai katin hoto ka koyi CUDA ko OpenCL, wato hanyoyin rubuta shirin da katin hoto zai yi lissafi da shi. Wannan ɗawainiyar ta kai bayanai kusa da mai lissafi kafin ya buƙace su, can ma za ka tarar da ita. Ka fara da ninka jadawalin lambobi, ka auna lokacin ɗauko bayanai daban, na lissafi daban.