Injin da ba shi da fistan: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Agege nake rubuto maka. An yi mini tallar wata Mazda RX-8 tokumbo, jikinta garau, kuɗinta kuma ƙasa da na Corolla sa'arta. Bakanikena ya buɗe gabanta ya ce shi ba ruwansa, wai injin ba shi da fistan. Gaskiya ne? Kuma me ya sa masu son mota ke yabon irinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Bakanikenka bai yi ƙarya ba, kuma ka gode masa da bai ce ya iya ba.

Ana kiran injin rotari, ko injin Wankel, da sunan Felix Wankel, Bajamushen da ya ƙirƙiro shi; a 1957 aka fara tayar da na gwaji a kamfanin motoci na NSU da ke Jamus. Babu fistan mai hawa da sauka, babu bawul. A ciki akwai ɗaki mai siffar ɓawon gyaɗa, wani ƙarfe mai kusurwa uku yana juyawa a cikinsa. Kowace fuska daga cikin ukun tana zuƙar iska da fetur, ta matse, fulogi ya ba da wuta, sannan ta tura hayaƙi waje, duk a zagaye ɗaya. RX-8 tana da irin wannan ƙarfe guda biyu, kowanne da fulogi biyu.

Abin da ya sa ake sonsa kuwa, sai wanda ya taka shi. Lita 1.3 ne kacal a takarda, amma mai giyar hannu yana kaiwa juyi 9,000 a minti ba tare da jijjiga ba, tunda babu abin da ke tsayawa ya koma baya. Ƙarami ne, ba nauyi, don haka motar na kama kwana da daɗi. Ga tarihi: a 1991 Mazda 787B mai irin wannan inji ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, karo na farko da kamfanin Japan ya yi haka. Masu son mota suna ajiye shi a sahu ɗaya da 2JZ na Toyota Supra, mai silinda shida a jere, wanda ake ƙara wa ƙarfi ninki biyu bai tsage ba. Mu nan Legas ma mun san baƙon inji: Bosuwajar da aka riƙa haɗawa a Ojo tun 1975, injinta a baya, silinda huɗu a kwance suna kallon juna, ba lagireto, iska ce ke sanyaya shi. Ni dai har gobe wannan ne nawa, don yaron gareji ma zai sauke shi ya mayar kafin la'asar.

To, ga inda gizo ke saƙar. A bakin kowace kusurwa akwai wani siririn ƙarfe da ke gogar bango yana riƙe matsi, aikin da ringi ke yi a injin fistan. Shi ne lagon injin. In ya cinye, sai an sauke inji an wargaza shi gaba ɗaya. Wannan matsalar ce ta karya NSU da motarsu Ro 80 ta 1967, har Volkswagen ta saye su a 1969. Don kare shi, injin da kansa yake fesa baƙin mai cikin ɗakin ƙonewa, wato shan baƙin mai halittarsa ce, dole ka riƙa zare sandar awo kana ƙarawa. Fetur kuma yana shansa kamar mai silinda shida.

Sannan ba ya son rarrafe. Wanda zai fito daga Agege ya maƙale a Oshodi awa biyu, giya ɗaya zuwa biyu, zafi zai yi masa yawa, baƙin toka kuma ya taru a ciki. Yana buƙatar a riƙa sakar masa wuta a buɗaɗɗen titi, irin hanyar Ibadan da sassafe. In ka tayar da shi da sanyi don ka ba maƙwabci hanya ya fita, ka kashe nan take, fetur na iya jiƙa fulogi ya ƙi tashi. An daina ƙera motar tun 2012, kuma a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo za ka samu fitila da bamba, amma injin da ka tabbatar da lafiyarsa da mai iya ɗaura shi, sai an tona. Arahar da ka gani ke nan.

In kana da wata motar a gida, kuma sha'awa ce ta kai ka, ka je ka gwada ta haka: bar ta ta yi zafi sosai, ka kashe, ka sake murza makulli nan take. In ta yi ta kuka kafin ta kama, matsi ya tafi, ka juya abinka. In ta kama tashi ɗaya, ka nemi a auna matsin kowace fuska daban, don ma'aunin da aka saba da shi ba ya nuna gaskiya a wannan inji. Idan kuwa ita ce za ta kai yara makaranta ta kai ka Mile 12 kullum, ƙara kuɗi ka ɗauki Corollar.