Zuwa ga kishiyata mai tambaya

Kishiyata, saƙonki ya iso. Sai da na goge tabarau na sake karantawa, na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Wai a zamaninmu idan mace ba ta marmarin mijinta, ciwo ake ɗaukar abin ko hali? Ni da har yau ban taɓa kama sunan kakanki ba, ni za ki tsare da wannan?

Kin ce a makarantarku ta jinya an koya muku cewa likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, a 2013, sun haɗe rashin sha'awa da rashin motsuwar jiki sun zama cuta guda a kundinsu, in abin ya kai wata shida kuma ya dami matar. Har ƙwaya aka amince da ita a 2015, bayan hukumar magungunansu ta ƙi ta sau biyu. Kuma su kansu ba su daina musu ba: wasu na cewa an daɗe ana toshe kunne ga kukan mata, wasu na cewa masu magani ne ke neman kasuwa. To, masu neman kasuwa kam mun riga su sani.

Ina goyon babanki, muna haya a Tudun Wada ta Kaduna, Malam yana aikin dare a masaƙa a Kakuri. Mu goma sha ɗaya a gida, duk bakin tukunyata suke kallo. Daka, surfe, wanki, ɗebo ruwa, ga yaro ba ya barci. Malam ya kai ƙarata wajen yayarsa cewa na sauya masa. Kwana uku sai ga ta da wata mai kayan mata 'yar Sakkwato: tsimi a kwalba, gumba, goron tula, da kaza guda da aka dafe da saiwoyi, wai in cinye ni kaɗai har ƙashi. Kuɗin ya kusa albashin sati.

Allah ya kawo Goggona daga Zariya ranar. Ba ta ce uffan ba. Ta kama hannuna ta juya tafin, ta ga kanta, ta ja fatar idona ta ga fari fat. Sai ta janyo kwanon kazar, ta yaga mini cinya ta ce, “Ci, don yunwa, ba don shi ba.” Ta juya ga yayar Malam ta ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Da la'asar ta naɗe kayana muka hau mota. Wata biyu ina barci da shan kunun kanwa. Da na dawo, to, ba sai na ƙarasa miki ba, ga Baba Ƙarami nan shaida.

Amma kada ki ce da can komai daidai ne. Maƙwabciyata, yarinya ƙarama, zafi take ji tana gudun ɗaki. Aka ce gishiri ne ya fito mata, aka kira wanzami ya yanka. Yoyon fitsari ta samu, miji ya sake ta. Ina jin kukanta ta katanga ban buɗe baki ba, kuma har gobe abin na cina. Ita kam asibiti ya kamata a kai ta.

Inna kan ce ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya tsaya mini a maganar Turawanku shi ne “ya dami matar”. Mu ba a taɓa tambayarmu ba, damuwar maigida ake aunawa. Ku kuma yanzu kunya ta tafi, amma tambayar ba ta zo ba: kuna sayen haɗi a waya wajen wadda ba ku san fuskarta ba, kuna ɗura wa cikinku abin da ba ku san me aka zuba ba.

Af, wannan “ƙawar” taki da kika ce abin ya shafa, watanta nawa da haihuwa? Ki zo ranar Juma'a ke kaɗai, ki biya Kasuwar Barci ki taho mini da turaren wuta.